Gwaggo Me-Ka-Ci da Alwalar Liman

Ku da kuka san Gwaggo, Allah Ya jiƙanta, kun san ba ta amsa gaisuwa kamar sauran bayin Allah. Ka durƙusa ka ce, "Gwaggo, ina kwana?" sai ta dubi cikinka, ba fuskarka ba, ta ce, "Lafiya lau. Me ka ci jiya?" Ka ce tuwo, ta ce da miyar me. Ka ce kuka, ta ce da albasa ko babu. Kafin ta sallame ka ƙafafunka sun yi tsami. Sunanta na yanka Rabi, amma daga Gumel har Maigatari in ka ce gidan Hajiya Rabi kake nema sai a ce maka wacce. Ka ce Gwaggo Me-Ka-Ci, ɗan acaɓa ba zai ƙara tambayarka ba.

Ƙanwar mahaifina ce. Ni tela ne a bakin kasuwa, karatuna na allo ne, kuma a wurin mahaifina na gaji hannun ajami. Wannan hannun ne ya jawo mini aikin da ban nema ba, na zama magatakardanta har furfura ta fito mini a kai.

Nas ce ita, a asibiti ta ƙare ƙuruciyarta. Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne, ita kanta ta daɗe tana fama da ciki: kumburi, murɗa, yau zawo, gobe bayan gida ya ɗaure. An auna an sake aunawa, ba a ga komai ba. Wata likita ce a Kano ta koya mata wani tsarin cin abinci na masu irin wannan larura. Ta gwada a kanta, ta samu sauƙi. To, shi ke nan fa! Tana yin ritaya ta shimfiɗa tabarma a zaurenta, likitoci suka riƙa turo mata waɗanda suka duba ba su ga wata cuta ba sai fushin hanji. Na taɓa tambayarta sunan tsarin da Turanci, ta ce, "Haruffa ne aka jera kamar lambar mota, me za ka yi da su? Rubuta hutun hanji."

Kayan koyarwarta ba su da yawa: tsohuwar kwalbar lemo, ɗan kullun waina mai yis a ciki, da jar balan-balan ɗaure a bakin kwalbar. Sai ta ajiye a rana ta ci gaba da tambayoyinta. Kafin ta gama, balan-balan ta miƙe ta yi tumbi.

"Ka ga wannan? Cikinka ke nan. Akwai abincin da hanjin sama ba ya iya tsotsewa, sai ya gangara ƙasa. A can akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su taru a kansa su yi biki. Ya yi tsami, ya ja ruwa, ya tara iska. A cikin wani ba komai ba ne. A naka, mai saurin fushi, tashin hankali ne."

Balan-balan ɗin nan guda ɗaya ce tak. In an gama ta wanke ta, ta shanya a igiya kusa da zannuwanta. Da na ga ta koɗe na sayo mata sabbi cikin leda, ta dube ni ta ce, "Waccan ta mutu ne?" Ledar tana cikin akwatinta har yau, ba a buɗe ba.

Takardar da nake rubutawa kuwa, a bayan tsohuwar kalanda ce, don Gwaggo ba ta yarda a ɓata sabuwar takarda. A dama abin da za a ci: gero, dawa, masara, shinkafa, nama, kifi, ƙwai, gyaɗa, kuɓewa, alayyafo, karas, lemo, gwanda. A hagu waɗanda za a ba hutu: albasa, tafarnuwa, wake da 'ya'yansa, wato ƙosai da alala da ɗanwake, alkama da danginta irin burodi da taliya, madara, zuma, mangwaro, kankana, da dabino in ya yi yawa. Da ajami nake rubutawa, don mutanenmu na karkara sun fi sakewa da shi.

Da farko da tawada da alƙalamin kara nake yi, in sa wasulla da ja, in zagaye gefen da ɗan zane. Har ranar da Alhaji Ili, dillalin raƙuma a kasuwar Maigatari, ya zo da kumburin cikinsa. Aka yi masa bayani yana ta gyaɗa kai, ashe hankalinsa na can wurin raƙuma. Na miƙa masa takarda, ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a goshi. Tun a nan ya kamata in fahimci akwai magana.

Bayan kwana goma ya dawo yana dafe da ciki.

"Madam, maganin nan bai yi ba."

"Ka bi takardar?"

"Na bi. Sau uku."

"Sau uku kamar yaya?"

"Safe, rana da yamma. Na wanke ta a ƙwarya, na raba ruwan uku. Har zuma na ɗiga saboda ɗaci."

Gwaggo ta dubi cikinsa. Can ta ce, "Da me ka karya kumallo yau?"

"Ba wani abu. Shayi da madara, da burodi, da ɗan ƙosai."

"Alhaji, ka san abin da ka wanke ka sha? Ka sha albasa, ka sha tafarnuwa, ka sha wake, duk a ƙwarya ɗaya!"

"Ai ni da na ga rubutun malamai ne..."

Sai ta juyo kaina. "Kai kuma, magatakarda, wa ya ce ka yi mata ado kamar laya? Daga yau biro!"

Ranar ta kafa doka biyu da ba ta taɓa karyawa ba. Ta farko biro. Ta biyu, ba ta ƙara koya wa namiji komai sai ya zo da mai dafa masa abinci. "Kai ba kai ke riƙe da ludayi ba," in ji ta. Alhaji Ili ya kawo Hajiyarsa, wadda ashe ta fi ni saurin karanta ajami, ya kuwa samu lafiya. Amma har gobe in kun tambaye shi zai ce muku rubutun nan ma ya taimaka.

To, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Malam Habu, limamin wani ƙauye gaba da Gagarawa. Abokina ne, a gaban malami ɗaya muka yi karatu, kuma da izninsa nake ba da wannan labari, don Gwaggo har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata Litinin ya zo shagona da 'yar ciki a hannu, wai a buɗa masa ita ta wajen tumbi. Ya zauna yana jan carbi har mutane suka watse, sannan ya ce, "Sabo, zan sauka daga limanci."

Na tsayar da keken ɗinki. Limancin nan kakansa ya yi, mahaifinsa ya yi, sandar da yake riƙewa a kan mumbari ma tasu ce.

"Subhanallahi! Wani abu aka yi maka?"

"Alwala ce ba ta zama mini. Ciki ya cika da iska kamar salka. In na hau mumbari ranar Juma'a, rabin hankalina na kan huɗuba, rabi na kan cikina. Wata biyu ke nan ina jan salla da gajerun surori, jama'a suna ta yabo wai Liman ya zama mai sauƙaƙawa. Sau uku ina jawo na'ibi a tsakiyar salla, in fita ina riƙe da hanci."

Kun san haka aka koya mana: wanda alwalarsa ta warware a cikin sahu ya kama hancinsa ya fita, don a rufa masa asiri.

"Yanzu duk gari an ɗauka haɓo nake yi," in ji shi. "Zaurena ya cika da maganin haɓo. Wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo hayaƙi."

Na danne dariya da ƙyar, don idonsa ya kawo ruwa. Na ce ai shari'a ta yi wa mai larura rangwame.

"Na fi ka sanin babin. Sallata ni kaɗai ta yi. Amma mai irin wannan ya ja masu lafiya salla, malamanmu sun ƙi shi. Na je asibiti, an auna komai, an ce ba wata cuta, hanji ne mai fushi. Na ba kaina zuwa ƙarshen watan gobe. In ba sauƙi, zan tara dattawa in miƙa wa na'ibi sanda."

Na rufe shago na tsayar mana da adaidaita sahu.

A zauren Gwaggo, Liman ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ta lura, ta ce, "Allah gafarta Malam, ɗago kanka. Rayuwata a ɗakin marasa lafiya na yi ta. Babu abin da cikinka zai faɗa da ban taɓa ji ba." Ta tambaye shi ko yana ganin jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko zazzaɓi na damunsa, ko likita ya duba shi. Da ya amsa ta ce, "Madalla. Da ka ce akwai ko ɗaya daga ukun farko, da asibiti zan mayar da kai yanzun nan, ba aikin tabarmata ba ne. To, ina mai ludayi?"

Washegari ya dawo da maiɗakinsa, Malama Binta. Aka sa kwalba a rana. Liman ya zuba wa balan-balan ido tana tashi a hankali, ya ce, "La haula wala ƙuwwata! Wallahi ni ne wannan."

Na karanto gefen hagu. Ina ambaton albasa Malama Binta ta dafe ƙirji.

"Haba Hajiya! Miya ba albasa ai ruwan zafi ce."

"Tashi mu je madafa."

Gwaggo ta soya albasa a mai har gida ya ɗauki ƙamshi, ta tsame ta tas ta ajiye gefe. "Da wannan man za ki yi miya. Ƙamshin yana shiga mai, fitinar ba ta shiga. Amma kada ki jefa ta a ruwan miya ki ce kya tsame daga baya, ruwa yana kwaso fitinar. In kina son ƙari, ga lawashi, koren ganyen kawai."

Shi Liman bai yi gardama ba sai da na zo kan zuma da dabino. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin jawo nassi.

"Hajiya, zuma fa waraka ce. Dabino kuwa..."

"Malam, na ce haram ne?"

"A'a."

"Na ce makaruhi ne?"

"Ba ki ce ba."

"To hutu na ce ka ba su, mako huɗu. Kai ma in ka yi tafiyar wata guda ai ba sakin iyalinka ka yi ba."

Malama Binta ta rufe baki da mayafi. Liman ya ce, "Rubuta, Sabo." Na rubuta, da biro.

Bayan mako biyu ya aiko da saƙo: Alhamdu lillahi, daga Lahadi zuwa Alhamis ciki lafiya lau, amma daga yammacin Juma'a zuwa Asabar sai abin ya dawo. Gwaggo ta saurara, ta ce, "Akwai ɓarawo. Nemo mana babura biyu ranar Juma'a."

Na ce, "Gwaggo, hanyar nan yashi ne da gargada, ga shekarunki."

"Shekaruna ne za su tuƙa?"

Muka je. Bayan an sauko daga masallaci muka same shi a zaure. Aka gaisa, ita kuwa idonta na kan rigarsa. Ni ma na gani, don ni na ɗinka rigar: wani tabon mai ya zagaye bakin aljihu.

"Allah gafarta Malam, aljihunka yana zufa."

Liman ya dubi aljihu, ya dube ni, ya dubi rufin zaure. Can ya sa hannu ya fito da ƙullin takarda. Ƙosai!

Ashe wata tsohuwa ce a garin, Iya Dije. Tun zamanin mahaifinsa take kawo sadakar ƙosai duk Juma'a don mijinta da ya rasu, kuma ba ta tafiya sai ta ga Liman ya kai baki ya sa albarka.

"Guda nawa kake ci?"

"Ɗaya."

Gwaggo ta ci gaba da kallonsa.

"Wani lokaci bakwai. Hajiya, ta iya ƙosai. Kuma ba zan iya mayar mata da sadakarta ba, ba zan iya gaya mata dalili ba."

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Kana son wainar gero?"

"Ina so."

"Marar albasa?"

"Yanzu ai dole."

"Ka taɓa gaya wa Iya?"

"Ina! Da wane baki?"

"Kunya?"

"Kunya."

Ta ɗauki jakarta ta ce a nuna mata gidan. Ina tsaye a ƙofa na ji tana cewa, "Iya, asiri zan gaya miki. Liman wainar gero yake so, marar albasa, kunya ce ta hana shi faɗa miki." Tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Wayyo ɗan nan! Shekara da shekaru yana cin ƙosai don kara!" A hanyar komawa na ce, "Gwaggo, anya wannan ba wayo ba ne?" Ta ce, "Nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya a ciki." Na bi maganar daga farko har ƙarshe, ban samu ba.

Mako huɗu na cika, Malam Habu ya ja Juma'a da Sabbi da Hal Ataka, ya yi huɗuba har da ta'aliki. Masu yabon sauƙi suka fara gunaguni wai Liman ya koma halinsa. Ya zo Gumel da zakara a hammata, fuska kamar an ba shi kujerar Makka.

"Hajiya, Allah Ya biya ki. Na yi alkawari, ni da gefen hagun takardar nan har abada."

Ikon Allah! Ranar ce na ga ɓacin ran Gwaggo na gaske.

"Wa ya ce maka kurkuku na sa ka? Hutu na ce! Halittun cikin nan su ma bayin Allah ne, suna da abincinsu, kuma suna yi maka aiki. Ka hana su har abada, wata matsalar za ka jawo. Yanzu ne ma karatun ya fara. Za ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Yau kaɗan, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara. Ka huta kwana biyu ko uku, sannan ka ɗauko wani. Ba duka ne maƙiyanka ba, so muke mu gane wane ne."

"In kuma abin ya tashi ranar Juma'a fa?"

"Shi ya sa za ka fara ranar Asabar. Liman ba ya gwada wake ranar Alhamis."

Wannan magana ta bi ni gida, amma ba tare da sunan Liman ba. Har yau a gidanmu in mutum zai yi ganganci gab da wani muhimmin abu, sai a ce masa ana gwada wake ranar Alhamis ne.

Daga nan wasiƙu suka fara zuwa duk mako, da kyakkyawan ajaminsa, ni ke karanta mata. Kowace da basmala da doguwar gaisuwa, sannan hukunci a layi ɗaya. "Dabino: uku aminci, bakwai an yi gumurzu." "Nono: babu saɓani tsakaninmu." "Zuma: rabin cokali, kada a ƙara." "Burodi: yanka ɗaya." Ta albasa ta zo da kalmomi kaɗan: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta wake kuwa cewa ya yi, "Na wakilta na'ibi azahar da la'asar." Gwaggo ta yi dariya har tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Rubuta masa: ƙosai ɗaya, ranar Asabar, in marmari ya matsa. Ɗaya irin na lissafi, ba irin nasa ba."

Watan da ya ɗibar wa kansa ya zo ya wuce, ba a tara dattawa ba. Sanda tana hannunsa har yau. Mutanen garin kuwa kowa na cewa saiwarsa ce ta tsayar da haɓon Liman. Da na gaya wa Gwaggo ta ce, "Bar su. Allah ne Ya warkar, kowa ya ɗauki ladansa."

Ciwonta na ƙarshe bai daɗe ba. Ana saura kwana biyu na je duba ta, na tarar ta ɗan samu ƙarfi. Na ce, "Gwaggo, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi. Me ka ci jiya?" Na faɗa mata. Sai ta kama hannuna ta ce, "Sabo, in ta Allah ta kasance, Malam Habu nake so ya sallace ni. Amma kafin ya shiga gaba, ka tambaye shi."

Bayan sallar asuba ta cika. Na buga masa waya, da hantsi sai ga shi a bayan babur, rawani duk ya karkace. Na tare shi a ƙofar gida, na ce, "Malam, ta bar mini wasiyya a kanka. Ta ce in tambaye ka."

Bai jira na ƙarasa ba. Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Tuwon dawa da miyar kuɓewa. Ba albasa."

Na miƙa masa buta. Ya girgiza kai.

"Da alwalar asuba nake, Sabo. Tun daga gida, duk gargadar hanyar nan. Da ita zan sallace ta."

Ya ajiye takalmansa ya shiga gaba, muka yi sahu a bayansa. Kabbara huɗu, ba gaggawa, hannunsa bai je kusa da hanci ba.

Ya Allah, baiwarKa Rabi ta zo gare Ka. Ta rufa asirin bayinKa, Ka rufa nata. Ta sauƙaƙa wa mutane tsayuwa a gabanKa, Ka sauƙaƙa mata tata tsayuwar. Duk sallar da aka yi cikin natsuwa ta sanadinta, Ka sa mata rabo a ciki. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna, wanda ba a ba wa kowane irinsa hutu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.